Mai Ajiya da Ɓerayen 'Yarsa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yayana, wanda nake bi a haihuwa, ya rasu a Maigatari wata Litinin da hantsi, aka kai shi bayan Azahar. Ina Gumel labarin ya same ni, na iso ana ɗaukar makara.

Na zauna makoki a garuruwa da yawa, daga Damagaram har Jidda, kuma na san bakin masu ta'aziyya ba ya tsayawa a kan addu'a kaɗai. Amma na Yaya ya hana ni zama wuri ɗaya. In na zauna a wannan tabarma sai in ji abin da zai tashe ni zuwa waccan. Wani tsohon dillalin shanu, bayan ya shafa fatiha, ya ce Allah ya jiƙan Malam, yau dai hankalinsa ya kwanta. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Liman ya yabe shi da riƙon amana, ya daɗe yana yabo, sannan ya rufe da cewa Allah ya yafe masa ƙarancin tawakkali, domin kowane bawa da inda ya gaza. A cikin gida wata maƙwabciya tana gaya wa mata cewa duk zamansu ba ta taɓa ganin ya ci lomar bikin kowa ba. Can gefe, ƙarƙashin darbejiya, wani dattijon Bafulatani daga wajen Sule Tankarkar ya jingina da sandarsa shi kaɗai. Da na je na gaishe shi da Fulatanci, abin da ya ce kawai shi ne rumbunsu ya faɗi.

A ƙarƙashin duk waɗannan maganganu akwai tambaya ɗaya da ake yi da ido: ina magaji? Ɗan farin Yaya, magidanci da iyalinsa, ya bi makara har bakin katangar maƙabarta. Da ya ga taron, sai ya tsaya, gumi ya jiƙa masa riga, ya juya ya koma gida ya shiga ɗaki. Bai ga an sa ubansa a kabari ba, bai kuma fito karɓar gaisuwa ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda sana'ar gidan. Yaya mai ajiya ne. Yana da sito a bayan kasuwa, inda manoma da makiyaya da fatake suke barin gero da wake da riɗi da zoɓo daga kaka har lokacin da suka so. Dukiyar mutane ce a hannun mutum ɗaya. A al'adar masu ajiya na nan, in mai sito ya rasu, bayan sadakar bakwai masu kaya suna taruwa a ƙofar gida, magaji ya fito da makullai a hannu, kowa ya ba shi hannu ya ce ya bar kayansa, ko kuwa ya kawo mota ya kwashe. Autanmu, wanda yanzu daga ni sai shi, bai jira ba. Tun washegarin rasuwa ya gaya mini a fili cewa wanda ya kasa tsayawa a kan kabarin ubansa ba zai tsaya gaban masu buhuna ba, don haka a ba shi makullan ya riƙe kafin sunan gidan ya zube.

Shi ya sa nake rubuta wannan. Ina so a san wanda aka binne, kuma a san abin da ya bari a jikin ɗansa.

Yara a unguwa suna kiransa Malam Idan-fa, domin ita ce kalmar bakinsa. In ka ce masa bana damina ta yi kyau, sai ya ce idan fa ruwa ya wuce kima. In ka ce motar lafiyarta ƙalau, idan fa taya ta fashe tsakanin Gagarawa da Gumel. In an yi masa tsiya yakan ce shi bai ce zai faru ba, tambaya kawai ya yi. Ba ya bin tsakiyar hanya, kullum jikin katanga yake bi, har kafaɗar rigarsa ta dama takan yi ja da ƙasar gini. Ranar Alhamis, da kasuwa ke ci, yakan shiga sito tun garin bai cika ba, ba ya fitowa sai taro ya watse. Yakan zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu ya ji ko hatsi ya ɗauki zafi, ya fitar, ya wuce, ya dawo ya sake zurawa a buhun da ya riga ya taɓa. Ba ya iya cin abinci a baƙon wuri. Na taɓa kai shi Kano ganin likitan ido, aka ajiye masa tuwo a gidan abokina, yana jin yunwa sosai, ya zauna yana kallon kwanon har ya huce.

Amma ban taɓa jin wanda ya ce mudu ɗaya nasa ya ɓata a hannunsa ba. Shekarar da ruwa ya shiga situna a layinsu, nasa buhunan suna kan katako tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Waɗanda suka yi masa dariya lokacin da yake ɗora su, su ne suka zo aron wuri. Ya ba su, bai tuna musu da dariyar ba, sai dai ya hana su barci da tambayar idan fa katakon bai isa ba.

Faɗanmu mafi girma a kan aikin Hajji ne. Lokacin ina Jidda ina yi wa alhazai tafinta. 'Ya'yansa suka samar masa kujera shi da matarsa. Na share ɗaki, na gaya wa abokaina Larabawa da Sudanawa yayana na tafe. Ya je har sansanin alhazai, ya ga cunkoso, ya ji ƙarar jirgi, ƙirjinsa ya fara bugawa kamar ana daka. Ya bar jakarsa a nan ya hau motar Gumel. Matarsa ta tafi ta dawo Hajiya, shi ya zauna Malam har ya mutu. Na kira shi a waya raina a ɓace, na ce Allahn da ke tsare shi a Maigatari shi ne mai tsaro a sama. Sai ya ce:

"Na sani. Kaina ya sani sarai. Ƙirjina ne bai sani ba."

Na ɗauki maganar a matsayin kame-kame. Mun jima ba mu yi wata doguwar hira ba bayan nan.

Yawo ya nuna mini cewa kowace al'umma da yadda take riƙe wannan abu. Larabawa suna da kalma ɗaya da suke kiran mutumin da zuciyarsa ba ta zama, kuma suna kai shi asibiti da ita ba kunya. Faransawa nasu sunan yana nuni da shaƙewar maƙogwaro. Fulanin da na zauna da su ba sa ambatonsa sam, mutum ya haɗiye ya bi shanunsa. Mu muna da fargaba, da zullumi, da faɗuwar gaba, amma duka baƙi ne a wurinmu, suna zuwa da dalili su tafi da dalili. Wanda ya zauna da mutum tun daga goyo har kabari ba mu ba shi suna ba, sai muka ara masa rashin tawakkali, muka ɗora wa mai shi laifi a kan ciwo.

Abin mamaki, daga gidan mutumin da bai iya ƙetare kasuwa ba aka samu wadda ta fi kowa nisa. 'Yarsa ta uku ta yi karatun ƙwaƙwalwa, ta wuce har Faransa tana bincike. Da Yaya ya ji cewa da ɓeraye take aiki, a ranar har maƙwabta sun ji muryarsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ɓera, da tarko, da kyanwa, da siminti a kowane rami, a ce 'yarsa ta tafi ƙasar Turawa kiwonsu, har da ba su abinci a kan lokaci. Hajiya ta ce masa ai gado ta yi, shi yana kashewa ita tana rayawa, duk dai harkar ɓera ce. Da tafiya ta bi da ni ta can, ya ce in je in gano masa da idona abin da yarinyar nan take yi.

Na je. Aka sa mini farar riga da hula da safar hannu kamar zan shiga tiyata. Ɗakin yana da wani wari da na sani, sai daga baya na gane warin siton Yaya ne. Ta nuna mini wani katako mai fuska huɗu da aka ɗaga sama da ƙasa, biyu suna da bango, biyu a buɗe ba abin dafawa. Ta ɗora ɓera na farko a tsakiya. Ya shiga wajen bango, ya fito, ya leƙa buɗaɗɗen, ya taka har baki ya duba ƙasa, ya koma. Ta ɗora na biyu, wanda a ido ba ka raba shi da na farko. Wannan ya shige lungu ya lafe. Yakan miƙo wuya ya shinshina fili, ya janye. Ta ce in an ajiye masa abinci a tsakiyar baƙon akwati, ko da yunwa yake ji, sai ya daɗe yana kewaya gefe kafin ya taɓa.

Yaya na gani a lungun nan. Ita kuwa ba ta kalle ni ba.

Da muka fito ta yi mini bayani irin na 'yar Maigatari. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira serotonin, ɗan aike ne tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Amma baƙon da ya shigo kasuwa da kaya, in ba shi da fatoma, mai masaukin da zai karɓe shi ya sada shi da masu saye, zuwansa banza ne. Shi ma sinadarin nan yana da fatomomi iri-iri da ke karɓarsa. Abin da suke yi shi ne su taɓa ƙwayar gado ta ɓera tun kafin a haife shi, ya fito ba shi da iri ɗaya daga cikinsu, sannan su ga abin da ya canza. Ɓera na biyun nan da na gani an cire masa wani iri, sai tsoronsa ya ƙaru. Akwai kuma irin da in an cire, ɓeran ya fi 'yan'uwansa shiga fili. Ta ƙara da wani abu da ya tsaya mini: lokaci yana da muhimmanci. In fatoman yana nan sa'ad da ɓeran yake jariri, ƙwaƙwalwarsa na ginuwa, ko an ɗauke shi daga baya ɓeran yana nan daidai. In kuwa babu shi a lokacin, mayar da shi bayan girma ba ya gyara halin.

Na kawo wa Yaya labarin a sito, yana zaune ya jingina da buhunan wake. Na zaci zai yi tsaki. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita maganar abincin. Sai ya tambaye ni ko sauran ɓerayen suna yi wa wancan dariya. Na ce ban tambaya ba.

"Ka ce mata ta riƙa ba shi abinci a inda ya saba," in ji shi.

Bai fasa kafa tarko ba, kada a ɗauka ya zama abokinsu. Amma daga ranar bai sake yi mata gorin kiwon ɓera ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsakaninsa da ɗan farinsa. Yaya mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshe. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai yaron nan, ko wancan. Ba sa cin abinci tare, ba sa zama tabarma ɗaya. Shekaru masu yawa suna aiki a sito guda, magana sai ta buhu da ma'auni. Ya ga alamar a jikin yaron tun yana ƙarami, ni ya gaya wa, bai gaya masa ba. Ranar da abin ya taso wa ɗan ya kasa fita, uban yakan buɗe sito shi kaɗai, in an tambaya ya ce ya aike shi. 'Yar ta yi ta roƙonsu su ga likita. Yaya ya ce shi ya tsufa, a kai wancan, amma bakinsa ba zai iya gaya masa ba. Shi kuma ɗan ya ce ba zai je inda mahaifinsa bai je ba, kada ya zama kamar ya tona masa asiri. Mutum biyu da ciwo ɗaya, a ɗaki ɗaya, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri da shiru.

'Yar ta iso kafin bakwai. Ana gobe sadaka muka zauna a zaure bayan La'asar, ni da Auta da Hajiya, ita kuma tana bakin ƙofa. Magaji yana ɗakinsa. Don in kare shi, na kawo labarin ɓerayen, na ce abin nan a jiki yake, ba ragwanci ba ne. Auta ya saurara da kyau, fiye da yadda na so. Da na zo maganar jarirai sai ya ɗaga hannu, ya ce to an gama magana, ilimin Turawa ma ya ce wanda ya tashi da shi ba ya gyaruwa, a miƙo makullai. Na ga na ɗauko sanda na ba shi da hannuna.

'Yar ta nemi izinin magana. Muryarta ba ta tashi ba.

"Baba Auta, ɓeran nan mu muka cire masa abin, mun san abin da muka cire. Yayana ba wanda ya cire masa komai, ba kuma wanda ya leƙa kansa ya ga abin da ke ciki. Ban san ko abu ɗaya ne ba. Kada a yanke masa hukunci da ɓerana."

Ta ce abin da aikinta ya koya mata kaɗan ne: tsoro yana da mazauni a jiki kamar yadda hawan jini yake da shi, kuma ko a cikin ɓerayen nan, maganin da bai kama su ba wani yana kamawa. Mutum kuwa yana da abin da ɓera ba shi da shi, ana zama da shi a yi magana, ana koya masa fita kaɗan-kaɗan. Auta ya ce duk ya ji, amma masu buhuna ba likitoci ba ne, kuma gobe suna ƙofa. Ban ga laifinsa a nan ba. Shi ma sunan Yaya yake karewa, ta hanyar da ya sani.

Hajiya, wadda ke cikin takaba ba ta so ta yi doguwar magana, ta juyo gare ni. Tun ina saurayi take kirana sarkin yawo, ko mutuwa ba ta hana ta ba.

"Sarkin yawo, kai da ka ga duniya, a wane littafi aka rubuta sai a ƙofar gida? Ya zauna nan zaure, su shigo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi, ga hanya."

Auta ya ce ba a taɓa yi ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa rasa miji ba sai yanzu.

Washegari aka yi addu'a aka raba waina, masu kaya suka tsaya suna jira. Ni na fita na gaya musu yadda za a yi. Wurin ya ɗauki gunaguni. Wani babban ɗan kasuwa daga Gagarawa ya ce shi ba layin asibiti ya zo ba, magajin da ke ɓoye a zaure ba zai riƙe masa riɗi ba. Ya aika a kawo mota, wasu suka bi bayansa, ina tsaye ina kallonsu. Ba wanda ya matsa kusa da ƙofar. Sai dattijon nan na Sule Tankarkar ya jingina sandarsa, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama ya shiga. Ya ɗan jima. Da ya fito mutane suka zuba masa ido.

"Hannunsa sanyi ƙalau, ga gumi," in ji shi. "Irin hannun da na saba ba wa gerona ne. Na bari."

Bayansa wani ya shiga, sannan wani. Ba duka ba. Da yamma ta yi kusan rabin siton ya zama fili, ana ganin katakon da Yaya ya shimfiɗa. Auta ya tsaya yana kallon wurin da buhuna suka tashi, ya ce zai bar maganar makullai zuwa kaka mai zuwa, ya ga abin da zai faru. Magaji kuwa, da na shiga, rigarsa a jiƙe kamar an tsamo shi daga rijiya. Ya ce mini, Baffa, in kasuwa ta wuce zai je ganin likitan da ƙanwarsa take faɗa, in zan raka shi. Na ce ba inda za ni sai can.

Ranar Alhamis muka fita da sassafe, Magaji a jikin katanga, ni ta gefen hanya. Manyan motoci sun fara shigowa, ana sauke awaki. Da muka isa sito sai ga Auta a tsaye, hannu a baya, ya zo ganin ko zai iso. Magaji ya gaishe shi, ya ciro makulli, ya kai bakin kwaɗo. Hannun ya ƙi tsayawa. Ya gwada, ya kuskure, ya sake, kwaɗon yana lilo yana bugun ƙofa. Masu ɗaukar kaya biyu suka tsaya suna kallo. Auta ya daka musu tsawa ya tambaye su ko ba su da aikin yi. Sannan ya matso, bai kalli fuskar ɗan yayansa ba, ya kama kwaɗon da hannu biyu ya riƙe shi cik har makullin ya shiga.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da amincin da bai ɗanɗana ba a nan. Mu da muka rage, Allah ya sa mu iya riƙe wa juna.